Miyar Ranar Zaɓe

Narae ta ajiye tukunyar a kan teburin gidan su saurayinta Dongha da ke birnin Suwon, tururi na tashi. Miyar ganyen teku ce, wadda a al'adar ƙasar kowane ɗa yake sha ranar zagayowar haihuwarsa don tuna wahalar uwarsa. A ranar Dongha ya cika shekara ashirin da uku, kuma a ranar ne kulob-kulob za su zaɓi 'yan ƙwallon kwando da suka gama jami'a.

"Sha da zafinta, Yaya," in ji ta, kamar yadda 'yan matan can ke kiran samarinsu. "Kada ka ɓata kwat ɗinka, aro ce."

"Idan aka ɗauke ni zan sayi goma," ya ce yana dariya. Ya sha kwano biyu kafin Umma, mahaifiyarsa, ta dawo daga wurin gyaran gashi.

A zauren zaɓe aka yi ta kiran sunaye, samari na hawa dandamali ana sa musu jesi da hula. Aka tashi ba a kira Bong Dongha ba.

Da yamma dangin da suka zo taya murna suka zauna jugum. Gwaggo, yayar mahaifinsa, ta buɗe tukunyar tana neman abin taɓawa, sai ta ja da baya.

"Wa ya dafa wannan? Miya mai yauƙi a ranar gwaji? Ko ɗan firamare ya san mai shan ta zamewa yake yi."

Umma ta juyo kan Narae. "Tun yana ƙarami nake bin sa filin wasa da abinci a hannu. Ke da tukunya ɗaya kin zamar min da shi."

"Umma, ranar haihuwarsa ce... don girmama ki na dafa."

"Ban haife ki ba. Kada ki sake kira na Umma."

Narae ta dubi Dongha. Shi kuwa ya ƙura wa safarsa ido. Shi ne fa ya roƙe ta ta dafa masa. Ya kuma san abin da ya kayar da shi, domin tun yana aji biyu koci yake cewa, "Dongha, hannun hagunka ado ne kawai." Amma jin an ɗora wa miya laifi ya yi masa daɗi, sai ya yi shiru. Wannan shirun zalunci ne, ba shi da wani suna. Narae ta sunkuya ta gaida kowa, ta sa takalminta ta fita, ta bar tukunyar.

Tukunyar ta shekara a saman kantar kicin, Dongha ko kallon wajen ba ya iya yi. Ya samu aikin koya wa yara ƙwallo, in sun tashi ya ɗaure hannun dama a baya ya yi ta jifa da hagu. Saƙonnin ban haƙuri kuwa ya tura wa Narae ba adadi. Sau ɗaya ta amsa: "Ba a waya aka wulaƙanta ni ba, Yaya."

Da zaɓe ya sake zagayowa, Umma da Gwaggo suka tarar da shi a kicin, tukunyar Narae tana tafasa.

"Ka haukace ne?" in ji Gwaggo. "Ko bara ba ta ishe ka ba?"

"Ni na sa Narae ta dafa waccan, Gwaggo. Hannuna ne ya kayar da ni, na sani, na bari kuka zage ta." Ya ɗaga kwano ya shanye a tsaye.

A zauren zaɓe, a zagayen ƙarshe na kiran sunaye, har mutane sun fara naɗe kwalayen da suka rubuta sunayen gwanayensu, wani koci ya kira sunansa.

Dangi suka sake cika gida, amma Dongha ya ƙi zama. Umma ta ja shi gefe. "To, na ji. Gobe zan aika wa Narae da 'ya'yan itatuwa."

"A'a, Umma. A wannan falon aka yi, a gaban waɗannan mutanen."

Umma ta daɗe tana kallon tukunyar. Daga nan ta yafa rigar sanyinta ta fita, ba ta dawo ba sai riƙe da hannun Narae. Dongha ya durƙusa ya kai goshinsa ƙasa. Umma ta zuba sauran miyar, ta miƙa wa Narae da hannu biyu, abin da babba ba ya yi wa ƙarami.

"Na zalunce ki, 'yata. Ki yafe min." Ta harari Gwaggo har ita ma ta faɗi nata.

Narae ta kurɓa, hawaye na zuba, ta yamutsa fuska. "Umma, wa ya dafa wannan? Gishiri ya yi yawa."

"Da hagu ya zuba," in ji Gwaggo.

Samari, ku ji da kyau. Kada ku rataya gazawarku a wuyan wadda ke son ku don kun ga ba za ta rama ba. Wanda kuma aka ci wa mutunci a bainar jama'a, ba a ba shi haƙuri a bayan ƙofa. Inda aka ɓata shi, nan za a wanke shi.