Gurbin Hannun Larai

A shekarar da kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata, kowa a Faskari sabon abu yake so. Alhaji Gide ma bai tsaya baya ba. Ya je Funtuwa ya ɗauko ƙyauren turawa mai sheƙi kamar madubi, ya aika Sheme aka kira Harisu kafinta ya sa shi a ɗakin marigayiya matarsa Larai, domin gara ta cinye tsohon.

Harisu na durƙushe yana awo aka ajiye masa kwaryar fura. Ya ɗaga kai ya ga Baraka, ɗiyar Alhaji, sai lissafin ya tsere masa.

"Sannu da aiki, Malam kafinta. Sau nawa ake awon ƙofa ɗaya? Sau huɗu na ƙirga."

"Ai sai an yi na biyar, tunda kin zo kin ruɗa ni."

Ta rufe baki da gefen mayafi ta gudu. Aikin wuni guda, bawan Allah ya mai da shi kwana uku.

Matsalar kuwa, ginin ƙasa ne, ya zauna, firam ɗin ƙofar ya karkace, ƙyauren ya ƙi shiga. Ko ɗan koyo ya san ƙyaure ake ragewa a bar firam. Amma Harisu ya dubi kayan turawan nan ya ji ba zai iya sa musu zarto ba. Firam kuwa tsohon icce ne, har da wani baƙin gurbi mai santsi a gefen dama, wanda ya ɗauka dauɗa ce. Ya kankare shi tas. Ƙyaure ya shige, ya rufu ba ƙara.

Alhaji ya dawo ya kai hannu wurin. Ya daɗe tsaye.

"Wa ya ce ka taɓa nan?"

Ashe shekara bakwai Larai na fama da ciwon ƙafa, nan take dafawa in za ta shiga ko ta fita, har icce ya ɗauki hannunta. Tun rasuwarta Alhaji ba ya fita da safe sai ya dafa wurin.

"Kwashe kayanka, yaro."

Da iyayen Harisu suka je neman aure bayan kaka, a zaure aka sallame su. "Wanda bai tambaya ba kafin ya yanke, ba ni ba shi ɗiyata," in ji Alhaji. Ga kuma Maharazu ɗan kwangila daga Ƙanƙara ya fara zarya da sabon babur.

Harisu ya rame. Ba korar ce ta fi cin ransa ba, abin da ya kankare ne, don ya san ba kafintan da zai mayar da shi. Ya tabbata Baraka ta tsane shi, sai ga wasiƙa a hannun gwaggonta mai zuwa kasuwar Sheme:

"Kafintana, na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Amma ina tsaye sa'ad da ka fara, na ga inda ka nufa, kallonka ya hana ni magana. Laifin namu ne mu biyu. Kar ka bar ni da mai babur. Taka, Baraka."

Ya amsa: "Barakata, sanyin idona, gobe ina tafe. In Baba zai zage ni, ya zage ni ina gabansa."

Da hantsi ya durƙusa a zaure. Bai kawo hujja ko ɗaya ba.

"Baba, na fifita abin kanti a kan abin gida. Ba ni iya gyarawa. Gafara na zo nema, ko ba a ba ni Baraka ba."

Alhaji ya ɗago kai ya dube shi.

"Ni na sayo ƙyauren," ya ce a hankali. "Kuma ni na fita ban faɗa maka komai ba. Wata biyar ina ɗora maka, don na kasa ɗora wa kaina. Tashi. Ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure kafin azumi. Ranar da za a kai amarya Sheme, Baraka ta ce a dakata. Ta je bakin ɗakin mahaifiyarta ta shafa wurin, ta tarar da icce fari fat, babu komai. Ta fashe da kuka, Alhaji ya kama hannunta ya fito da ita da kansa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Uwarki da ta ga wannan rana, da ta yi murna."

Sun yi zaman lafiya, Allah ya ba su 'ya'ya shida, babbar aka sa mata Larai. Harisu ya shekara arba'in yana sa ƙofofi daga Sheme har Sabuwa, kuma bai sake buɗe akwatin aikinsa a gidan kowa ba sai ya tambaya: "Wa ya zauna a ɗakin nan?"