Kaset Na Goma Sha Huɗu

Hannu biyu ne suka sauka a kan kaset ɗaya, cikin kwalin tarkacen wata tsohuwa a kasuwar Baratillo, ranar Lahadi da hantsi. Ɗaya na Nayeli ne. Ɗayan na wani dogon saurayi ne mai jakar goyo, irin 'yan sarin nan da ke kwashe tsofaffin kaset na gem, wato wasan bidiyo, da araha, su kai shago su tsawwala wa mutane.

"Ni na riga taɓawa, gajeruwa," in ji shi.

"Gajeruwa tana gidanku. Saki, ungulu kawai!"

Ya juya kaset ɗin yana dariya, sai ya ga an rubuta RIGO a bayansa da baƙar maka.

"Na yayana ne," ta ce cikin fushi. "Ya rasu."

Ya sakar mata. Sunansa Efraín, kuma ba ta tambaya ba, shi ya faɗa.

Shekara huɗu ke nan da babur ya kashe Rigo. Ana gama addu'ar kwana tara, mahaifinsu Don Anselmo, mai faci, ya tattara kaset goma sha huɗu na yaron a buhu ya miƙa wa 'yan gwangwan. Nayeli ba ta yafe ba. Duk Lahadi tana bin kasuwanni da ɗan albashinta na kemis, tana juya bayan kowane kaset. A ranar ta samu na tara.

Efraín ya shiga neman da ƙarfinsa, don ya san kowane kwali a Guadalajara. Ya ara mata na'urar buga su, ya koya mata ta daina zare ido in ta ga abin da take so, don masu kaya fuska suke yi wa farashi. Kafin damina ta wuce sun samu huɗu, soyayya kuma ta samu su.

"Gajeruwata, na hango wani kaset a kasuwar Tonalá. Kin ci abinci?"

"Ungulu, in ka bari wani ɗan'uwanka ya riga ka, kada ka ƙara min magana. Na ci. Ina kewarka."

Don Anselmo kuwa ko kujera bai ba shi ba ranar da ya zo gaisuwa.

"Ƙato da gemu yana sayar da kayan wasan yara? Shi zan ba wa 'yata? Ga Hilario likitan haƙori yana ta zarya!"

"To ka aure shi, Baba, kai ne mai ciwon haƙori."

Saura kaset ɗaya, kuma shi ne ciwon. Wasan doguwar tafiya ne, wanda wani ɗan ƙaramin batir a cikinsa ke riƙe inda mutum ya tsaya. Ita da Rigo sun kai ƙofar fada ta ƙarshe, ya ce a bari sai Lahadi su gama tare. Ranar Juma'a ya mutu. Wannan maganar ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, har Efraín.

Efraín ne ya samo shi, ya kawo mata har ƙofar gida yana washe baki. Ta jona shi a na'urar. Jerin masu wasa fayau, babu suna ko ɗaya. Inda ita da Rigo suka tsaya ya goge.

"Me ka yi masa?"

"Gyara shi na yi miki, kamar yadda muke yi wa kowanne. Batirin ya tsufa, na sa sabo."

"Ka duba abin da ke ciki kafin ka cire?"

Ya girgiza kai.

"Shekara huɗu yana hannun ɓarayi da jahilai, babu wanda ya taɓa shi, sai kai gwani! Wa ya aike ka? Ka tambaye ni?" Ta jefa masa kaset ɗin a ƙirji. "Fita!"

Saƙonsa ya shigo da la'asar: "Nayeli, ba ni da hujja. Da na sani da hannuna zan yanke. Ki zage ni, amma kada ki yi shiru." Ta yi shirun.

A wurin cin abincin dare, Don Anselmo ya ga dama ta samu. "Ai na faɗa miki."

Ta ajiye cokali, ta gaya masa komai, da fadar da Lahadin. "Shi batir ya cire, Baba, bisa kuskure. Kai fa? Da idonka biyu ka zuba Rigo a buhu, ko kallona ba ka yi ba!"

Tsohon ya tashi ya bar abincinsa. Mako uku gidan nan kamar an yi sabuwar rasuwa.

Wata Talata da rana ta ɗauki na'urar Efraín za ta mayar masa, don kada ya ce ta ci masa kaya. Tun daga bakin shagon ta ji muryar da ta sani tana zagi.

"Wannan tsinannen dodon kuma! Yaro, wane maɓalli ka ce?"

"Na dama, Don Anselmo. Na dama! Haba, sau nawa?"

Mahaifinta ne, da tabarau a ƙarshen hanci, yatsunsa baƙi ƙirin da man taya. Ashe kullum yana rufe wurin facinsa da rana ya zo nan, yana sake buga wasan daga farko. Efraín ya so ya buga masa, tsohon ya ce a'a, shi ya zubar, shi zai kwaso. A saman allon an rubuta RIGO, ga ƙofar fadar can tana hangowa.

"Ba ɗaya ba ne," ta ce, hawaye na zuba, fushin bai gama sauka ba. "Ba nasa ba ne."

"Na sani, 'yata. Kallon kaset ɗinsa ne na kasa yi, shi ya sa na zubar. Ban san ke nake zubarwa ba." Ya miƙo mata abin bugawar. "Zo ki karɓa, hannuna ya mutu."

Ta zauna tsakaninsu. Efraín ko numfashin kirki bai yi ba, sai da ta taka masa ƙafa da ƙarfi, ta bar ƙafar tata a wurin.

A watan Nuwamba aka ɗaura auren a cocin unguwarsu, aka ci birria, farfesun namansu na biki, har aka bar ta. Da za su tafi, ango da amarya suka durƙusa gaban Don Anselmo. Ya ɗora hannu a kansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Efraín, fushinta yana da tsawo, amma ba ta mance wanda take so. Ka riƙe ta." Ya share ido da bayan hannu. "Tashi, ɗana."