Wanda Ya Ga Yunwar da Idonsa

Magariba ta kawo jiki, uwar gidan tana tsince shinkafa a bakin kicin, sai dutse ya faɗo cikin farantin. Ƙarami ne, baƙi, da ɗumi kamar an zaro shi daga toka. Ta ɗaga kai, ba kowa a kan katanga. Kajin maƙwabta ma sun yi tsit.

Babbar 'yarta tana zaune a matakalar bene da waya a hannu, don nan kaɗai intanet ke kamawa. Farfesa ake ce mata a gidan, saboda ko gishiri aka aike ta saye sai ta tafi da littafi. A makaranta an ba su aikin bincike kan karyewar tattalin arzikin da ta game duniya kusan shekaru ɗari baya, lokacin da bankuna suka rufe, masana'antu suka sallami ma'aikata, magidanta suka riƙa bin layi don kwanon miya. Ta yi makonni tana wuni a laburaren makaranta, tana kwaso tsofaffin littattafai masu warin ƙura, da yamma kuma ta bi hotuna a waya. Duk da haka malamin tarihi ya maido mata da aikin, ya ce ta yi rubutu irin na wadda ba ta taɓa kwana da yunwa ba.

Kwana ɗaya kafin faɗowar dutsen, uwar ta ji da kunnenta abin da yarinyar ta faɗa a matakalar nan, rana tana faɗuwa: "Da ma in sami wanda ya gani da idonsa ya ba ni labari."

Washegari aka fara jifan.

Kullum da magariba duwatsun ke zuwa, kuma ba sa faɗawa ko'ina sai inda abinci yake: tukunya, kwano, buhun gari. Daga nan Farfesa ta daina ci. In ta kai loma baki sai ta kasa haɗiyewa. Uban, wanda makanike ne, ya ce tsoron jarrabawa ne da iyayi, har ya ɗaga mata hannu. Da ya ga ƙasusuwan wuyanta sun fito, ya kai ta asibiti. Aka auna komai, aka ce lafiyarta ƙalau.

Ita uwar ta san ba ƙalau ba. Ta sha tsayawa a bayan ƙofar ɗakin yaran tana jin muryar wani tsoho, a hankali, ba gaggawa, kamar mai ba jika tatsuniya, da ƙarar biro yana bin takarda. In ta tura ƙofar, sai ta tarar da 'yarta ita kaɗai tana rubutu, idanunta a rufe.

Ranar da hankalin uwar ya gama tashi, ta shigo ta sami Auta, ƙanwar da ba ta wuce shekara biyar ba, tana kuka ba murya. Farfesa ta ɗaga farantin yarinyar sama, tana murmushin da ba nata ba.

"Yau ba ranarki ba ce," in ji ta. "Gobe, in kin kai."

A yammacin aka ɗauko malam mai ruƙiyya. Dattijo ne marar yawan magana. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a falo, uban ya riƙe kafaɗun yarinyar, uwar ta zauna gefe da Auta a cinya. Ya fara karatu. Dutse ɗaya ya faɗo tsakiyar ɗakin, alhali rufin ba huda. Sai jikin Farfesa ya sandare, muryar tsohon ta fito daga bakinta.

"Sannu da ƙoƙari, malam. Ba kutse na yi ba, gayyata ta aka yi."

"Wane ne kai?"

"Wanda ya gani. A wancan zamani ina zaune a bayan murhun wani gida. Na ga mai gidan ya sayar da takalminsa, na ga matar tana raba burodi ɗaya da zare. Ban taɓa jin daɗin zama da 'yan Adam kamar lokacin ba. Yarinya ta nemi ilimi, ina ba ta. Laifi ne?"

"Za ka fita."

"Zan fita. Saura darasi ɗaya." Kan yarinyar ya juyo a hankali wajen uwar. "Matar can da na ce, ranar da burodin ya kasa rabuwa, sai da ta zaɓa. Ke ma zaɓi. Loma ɗaya ce ta rage, 'ya'ya biyu. Wa za ki ba?"

"Kada ki amsa masa," in ji malam, ya ɗaga murya da karatu.

Amma wuyan Farfesa ya fara lotsawa kamar an zarga masa igiya. Leɓɓanta suka yi baƙi, dugaduganta suna dukan tabarma. Uwar ta rarrafa ta kama ƙafafun.

"Ita zan ba! Wannan zan ba!"

"Ƙarya," in ji muryar, igiyar ta ƙara shiga. "Na daɗe ina kallon hannunki in kina zuba abinci."

Malam yana ta girgiza wa uwar kai, zufa na zuba daga gemunsa. Idanun yarinyar suka juye. Uwar ba ta san sanda bakinta ya buɗe ba.

"Auta," ta ce. "Auta zan ba."

Aka yi dariya, gajeriya, irin ta wanda ya ƙoshi. Farfesa ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, labulen taga ya motsa ba iska. Malam ya tofa addu'a a ruwa ya shafa mata a fuska. Da zai tafi, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Saura kaɗan aljanin ya ƙone," ya ce wa uwar. "Shi ya sa ya matsa miki."

Jifa ya tsaya daga ranar. Farfesa ta farfaɗo, ta maida jikinta, ta miƙa aikinta, malamin tarihi ya karanta wa aji yana share hawaye. Uwar ta yi ta roƙon Allah ya sa yarinyar ba ta ji komai ba, tunda an ce mai aljanu ba ya tuna abin da aka yi.

Wata yamma ta dafa abin da 'yar ta fi so, ta zuba mata har da tozo, ta kai mata da hannunta. Farfesa ta karɓa da hannu biyu cikin ladabi, ta yi godiya. Sannan ta tashi ta ajiye farantin a gaban ƙanwarta.

"Ki ba ta, Mama," ta ce. "Ni zan dafa nawa."

Har ta girma ta bar gidan, ba ta sake cin abin da uwarta ta zuba ba.