Gefen Motar da Abu Rakan Ya Ƙi Gogewa

Ranar Litinin da hantsi aka bugo wa Sufeto Nidal waya. Wata baƙar Marsandi ta banke Abu Salim mai burodin riɗi a gangaren unguwar Jabal Husain a birnin Amman, ta karya masa ƙafa, ta yi gaba abinta. Wani mai shago ya riƙe lambar.

Sai Laraba aka samo mai motar, Ustaz Marwan, ɗan kwalisa mai kwat da turare kamar an yi ɓari.

"Sidi, ranka ya daɗe, ai motata tana wurin mai goge fenti tun Lahadi," in ji shi. "Ku tambayi Abu Rakan inda ya kai ta."

Kafin Sufeto ya faka a ƙofar garejin Abu Rakan, labari ya riga shi isa. Masu shagunan layin sun fito suna cewa yau dai Mu'allim, kamar yadda suke kiransa, a sel zai kwana. Kai jama'a! Mutumin da shekara talatin ko madubin motar wani bai taɓa fasawa ba.

Ya tarar da dattijon yana bin murfin but da inji a hankali, kamar mai shafa kan jariri.

"Yaushe motar nan ta shigo, Mu'allim?"

"Jiya Talata, bayan azahar."

"Mai ita ya ce Lahadi. Kana da shaida?"

"Allah. Sha gahawa tukuna, Sidi."

Gahawar ta yi daɗi, Sufeto ya ƙara. Sannan Abu Rakan ya haska fitila a jikin motar. Ko'ina sumul, mutum zai iya aske gemu a ciki, ban da gefen gaba na dama. Nan zane-zane ne zagaye kamar yanar gizo, an kewaye wurin da salatef.

"Nan me ya hana ka gogewa?"

Dattijon ya ɗora ɗan ma'aunin kaurin fenti a ƙofar motar. Ɗari da goma. Ya ɗora a gefen, ɗari huɗu.

"Sabon fenti ne, bai gama bushewa ba. Ita wannan siririyar fata mai ƙyalli da ke sama, ba ta kai kaurin takarda ba, abin da inji ya ci kuma ya tafi kenan. Na ce masa sai bayan wata guda. Ya ce in danna inji kawai duk su zama ɗaya. Na ce ni ba mahauci ba ne."

"Zai ce kai ka fesa don ɓoye ɓarna."

Abu Rakan ya yi dariya har da tari.

"Ni? Dubi zanen nan da kyau. Daga dama yake tafiya zuwa hagu, kuma da gashin tumaki aka ja shi, ba soso ba. Aikin Fawwaz Bahago ne na unguwar Marka. Shekara goma ina gyara ɓarnarsa, ko a mafarki na san hannunsa."

A Marka, Fawwaz mai feshi yana cin falafil, hannu duk fenti.

"Baƙar Marsandi? Wallahi rabona da ita tun azumi."

Sufeto ya sa ƙafa ya juya kwandon shara. Gwangwanin baƙin fenti ya mirgino, bakinsa da danshi.

"To, ko za ka ƙarasa abincin a ofishinmu?"

Fawwaz ya ajiye falafil ɗin.

"Sidi, ni fa aiki aka kawo min! Litinin da azahar, Ustaz Marwan da kansa. Ya ce tunkiya ya buge. A kaina ya tsaya yana ta cewa in yi sauri."

Da la'asar Sufeto ya sa aka kira Marwan garejin Abu Rakan. Ya shigo da fara'arsa yana kaɗa carbi.

"An kama shi ne, Sidi? Haba Baba Abu Rakan, da girmanka!"

"Ustaz, tunkiyar da ka buge ranar Litinin, burodi take sayarwa?"

Carbin ya tsaya. Marwan ya waiga, ya ga Fawwaz zaune a motar 'yan sanda yana kallon ƙasa.

"Waya nake dubawa," ya ce a hankali. "Ban gan shi ba. Na zaci in aka goge motar duka, ba wanda zai bambance sabon fenti da tsoho."

"Shi ne kuma ka zaɓi mutum ɗaya a Amman da zai bambance," in ji Sufeto, yana fito da ankwa.

Aka wuce da shi ta tsakiyar masu shagunan nan, kowa ya shiga sosa ƙeya. Wani mai sayar da taya, wanda ya fi kowa baki ɗazu, ya leƙo.

"Mu'allim, ni dama na ce ba za ka aikata ba."

"Na ji ka, ai muryarka har nan take zuwa."

Abu Rakan ya ji daɗi ƙwarai, bai kuma ɓoye ba. Ya wangale ƙofar garejin har ƙarshe, ya jawo motar da ke layi, ya kunna inji yadda duk titin zai ji yana nan.