Wasan Yusha'u a Gonar Baba

"Ka dube ni, Yusha'u, ka faɗa da bakinka cewa ka fasa."

Bai dube ni ba. Yana zaune a dakalin ƙofar gidanmu bayan la'asar, garayarsa a cinya, ya kasa ko taɓa tsirkiyar.

"Mairama... ban fasa aurenki ba. Wasan na fasa."

"A wurina duk ɗaya ne."

Bara waccan Yusha'u ya shirya wasan kwaikwayo wanda daga farko har ƙarshe da waƙa ake magana a cikinsa. Ya kai shi bikin al'adu a Kaduna, aka yi ta tafi, har rediyo ta ɗauka. Mutanen Birnin Gwari suka yi alfahari na ɗan lokaci, daga nan suka koma halinsu. Wai sa'a ce. Wai waƙoƙin dakan mahaifiyarsa ya kwashe, a bari a ga na biyu tukuna.

Na biyun kuwa ya ba shi wahala. Aka ajiye shi a Kaduna a ɗaki mai fanka, ya yi ta zama, ya dawo hannu rabbana. Ni ban yi mamaki ba, don na san mutumina ba ya iya ƙaga waƙa a zaune, sai yana jin taɓarya ko saran gatari. Da ya dawo gida yana bin manoma har bakin dajin Kamuku, sai ga wasa ya fito: labarin wa da ƙane da suka ɓata a kan iyakar gona. Ranar da ya fara rera mini shi na yi kuka, ban ɓoye ba.

Aka sa ranar nunawa a dandamalin makaranta, manya daga Kaduna suka ce za su zo. A nan Ƙasimu ya shigo, ɗan kawuna mai sabon keke, wanda ya daɗe yana nemana ina ƙi. Ya je wurin mahaifina, Malam Abarshi, da ladabinsa na ƙarya, ya tuna masa cewa mai neman aure yakan kai wa suruki gayya a gona, kuma Ƙasimun ne ya zaɓa wa Baba ranar. Baba bai ƙi waƙa ba, amma ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda aikinsa ya tsaya a maƙogwaro ba. Ya sa ranar huɗar dawarsa daidai da ranar wasan. 'Yan wasan kuwa su ne dai samarin da za su yi gayyar.

Yusha'u ya zaɓe ni, shi ne kuma abin da ya fi ƙona mini rai.

"Ba na son mijin da zai riƙa kallona yana tuna abin da na kashe masa," na ce masa a dakalin nan.

"To ya zan yi, rabin raina? In raba kaina biyu?"

"Wasanka a kan gona yake. Me ya sa za ku hau katako kuna noman ƙarya, ga gonar Baba ta gaske a Kazage?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni.

Ranar ta zo da hadari, amma ruwa bai sauko ba. Motar baƙin Kaduna ta maƙale a rafi a hanyar gonar, suka ƙaraso a ƙasa, takalma a hannu, fuska a murtuke. Lydia, ƙawata 'yar Gbagyi mai jan amshi, ta jero mata da ƙoren kunu a kafaɗa, muryarta ta buɗe filin.

Yusha'u ya raba samarin biyu. Mutanen wa suka faro daga gabas, na ƙane daga yamma, kowace sarar garma da baitinta. Waɗannan su jefa zambo, waɗancan su mayar, ƙasa na juyewa, tazarar da ke tsakaninsu na raguwa. Shi ne ƙanen, yana gaba, gumi ya jiƙe masa riga, yana waƙa kamar ba garma a hannunsa. Wallahi ban taɓa ganin namiji ya yi mini kyau haka ba.

Ƙasimu ya zo don ya yi dariya. Na hango shi riƙe da kekensa, bakinsa na bin amshi bai sani ba.

Da layukan biyu suka haɗu a tsakiyar gona, inda ƙane zai roƙi wansa gafara, muryar Yusha'u ta dishe. Ya buɗe baki, babu komai. Lydia ta maimaita baitin a hankali, tsofaffin da ke gindin ɗorawa suka karɓa, sai gonar gaba ɗaya ta ɗauka, har da baƙin Kaduna da ƙafafunsu duk laka. Babbansu ya ce wannan wasan ya fi na farko, ko da ƙasa za a ɗiba a zuba a dandamali sai an nuna shi a birni.

Baba bai yi tafi ba. Ya bi kunyoyin ɗaya bayan ɗaya yana dubawa, hannu a baya. Yusha'u ya durƙusa nesa da shi, kai a ƙasa, kamar yadda ya dace. Can Baba ya kira ƙanensa, Bappa Jaji, ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Ka gaya masa huɗarsa a karkace take, sai ya ƙara koyo." Ya share ido da bakin rawaninsa. "Ka kuma gaya masa ya turo manyansa bayan girbi."

Mata suka saki guɗa. Na kai wa Yusha'u ruwa, ya miƙo hannu, sai na ga tafukansa duk sun saɓule.

"Da me zan kaɗa miki garaya ranar bikin?" ya ce da sauran muryar da ta rage masa.

Na ɗora masa ƙoƙon a baki da kaina, a gaban kowa.

"Sha ruwa, masoyina. Kafin girbi za su warke."