Da Sauƙi

Allon hannu da ke maƙale a jikin kujera ya haska fuskar tsohon, ya gaishe shi da tattausar murya: "Sannu Malam. Yaya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi," in ji Kawu Sallau, alhali gumi na tsiyaya daga goshinsa, hannunsa dafe da ƙirji.

Nan take allon ya yi kore, ya jefa sunansa can ƙarshen layin ganin likita. Injiniya Tasalla, 'yar ƙanwarsa da ta kawo shi, ta ji kamar ta fizge na'urar ta fyaɗa da ƙasa. Sai da ta tara wa asibitin jama'a kafin wata nas ta zo ta shiga da shi.

Abin takaicin, ita Tasalla aka ɗora wa gwajin wannan abu. A Sabon Birnin Kudan, inda motoci ke yawo ba direba, babban asibiti ya sayo alluna masu sabuwar uwar-manhaja, wato manhajar da ke juya komai a cikin allo. Sunanta Jagora. Ita ke karɓar marasa lafiya, ta zaɓi wanda zai fara ganin likita. Tana iya auna bugun zuciya, amma masu ƙera ta sun sa maganar majiyyaci gaba da awo, wai mutunta shi ke nan. Aikin Tasalla shi ne ta faɗi ko Jagora ta isa a damƙa mata aiki.

Washegari ta sami shugaban asibitin, Dakta Ɗayyabu, a ofishinsa.

"Ranka ya daɗe, ba ta isa ba. Wa ka taɓa tambaya jiki ya ce maka ba sauƙi? Ko wanda ke gargarar mutuwa 'da sauƙi' zai ce. Gaisuwa ce fa, ba rahoto ba!"

"Haba Injiniya," ya ce yana shafa allon. "Batirinta na daɗewa, ba ta sandarewa, hotonta tangaran. Saboda kalma biyu za mu mayar da kaya? Gyaran manhaja sai baɗi. Mutane za mu gyara."

Ji wani zance don Allah! Na'ura ta kasa jin Hausa, sai a ce masu harshen ne ba su iya magana ba. Tasalla ta ƙi sa hannu. Aka yi mata godiya, aka nemo wani ya sa.

Aka kwashe nas-nas daga zauren jira, aka ba Jagora makullin ƙofar likitoci. Lasifika ta dinga shela: "Kada ka ce da sauƙi! Faɗi ciwonka!" Mutanen birni kuwa ba wawaye ba ne, sun gane karatun har sun zarce malamin. Mai ƙaiƙayin kunne ya kurma ihu, "Wayyo, zan mutu!" Mai tuntuɓe ya ce a kira masa magada. Alluna duk suka koma ja.

Ana cikin haka ciwon Kawu Sallau ya dawo. A mota Tasalla ta riƙe hannunsa.

"Kawu, don girman Allah, in ta tambaye ka, ka ce mutuwa za ka yi."

"Da bakina, Tasalla? Ina numfashi, ina ganinki, in ce ba sauƙi? In yi wa Ubangijina butulci saboda gilashi?"

Zauren ya cika da kururuwa. Ta zaunar da shi, ta yi wuf ta amsa tambayar allon a madadinsa. Allon ya ce majiyyaci kaɗai ake saurare, ya maimaita: "Malam, yaya jiki?"

Tsohon ya dube ta kamar mai neman gafara.

"Da sauƙi," ya ce.

Kore. Shi kaɗai a duk zauren. Tasalla ta ruga ta daki ƙofar likitoci har tafinta ya kumbura, tana ihun mutum na mutuwa. Wa zai ji ta? Abin da kowa ke faɗa ke nan.

Da ta dawo, kansa ya riga ya langaɓe a kafaɗa. Ta durƙusa tana kiran sunansa. Can da yamma, bayan an sallami mai kunne da mai tuntuɓe, allon ya sake haskawa.

"Malam, layi ya zo kanka. Yaya jiki?"

Allon ya ɗan jira. Sannan ya rubuta: Majiyyaci ba shi da ƙorafi.