Bokitin Ekene

Keturah ta harari Ekene har idanunta suka fara zafi, amma bawan Allahn nan sai ya mayar mata da murmushi.

Murmushi fa!

Ga mahaifinta, Baba Apollos, tsaye a bakin mota, sanda a hannun dama, jakar bakko a hagu, gwiwa tana masa zugi bayan tafiyar awa huɗu daga Jimeta. Ga kuma saurayin da ke neman 'yarsa ya zuba hannuwa cikin aljihu, takalminsa sai ƙyalli yake. Kafin ta sake wata hararar, ma'aikata biyu masu fararen riguna suka fito da sauri suka karɓe jakar, har ledar gyaɗar Baba ba su bari ba.

"Baba, a nan ba ka taɓa komai," in ji Ekene. "Abinci, wanki, guga, ruwan wanka, duk za su yi. Kai dai ka huta."

"Na gani," Baba ya ce.

Wayyo Allah! Keturah ta san wannan "na gani". Shekara talatin Baba ya yi yana koyarwa a firamare, duk ɗalibin da ya ji kalmar nan ya san ya faɗi jarrabawa.

Shekara biyu suna soyayya. Ekene Ibo ne, haihuwar Jimeta, yana da shagon kayan janareta a kasuwa, kuma tun ranar farko Baba ya ce ba yarensu ba ne, bai san al'adarsu ba. Da ƙyar Fasto ya lallaɓa shi ya yarda da kwana uku a wannan masauki na cikin daji, shi ma don kusa yake da kufan ƙauyen da aka haife shi. Baba ya ce ranar Lahadi bayan addu'a zai ba da amsa kan maganar auren, kuma daga ita babu wata.

Abin da Ekene bai sani ba shi ne, a ƙauyensu Baba duk mai neman 'yar mutum sai ya yi wa uban aiki da hannunsa, ko noma, ko faskare, ko ɗiban ruwa, ba tare da an ce ya yi ba. In aka faɗa masa, aikin ya tashi a banza. Kafin su bar gida a unguwar Karewa ta Jimeta sai da Baba ya sa Keturah ta dafa Littafi Mai Tsarki ta yi alkawari ba za ta buɗe baki ba.

To, sai ga shi Ekene ya kawo su wurin da ko murfin gora ba a barin mutum ya buɗe da kansa!

Wurin kam ya haɗu, ba za ta yi ƙarya ba. Ɗakuna masu rufin ciyawa a ƙarƙashin manyan maɗatai, birai suna tsalle a rassa, can gaba kuma ƙasa ta tsage ta zama kwazazzabo mai zurfi, kogi yana ruri a cikinsa. Amma ita ko kallo bai shige ta ba.

Ranar Juma'a cokalin Baba ya faɗi daidai ƙafar Ekene. Ekene ya ɗaga yatsa, aka kawo sabo.

Ranar Asabar da safe Baba ya ce kujerarsa tana cikin rana. Ekene ya danna ƙararrawa, mutum uku suka zo suka ɗauke ta.

Baba ya dubi takalminsa ya ce, "Kai, ƙura ta ɓata shi."

Har ga Allah tsohon nan taimakonsa yake yi! Amma Ekene ya sake miƙa hannu wajen ƙararrawar. Keturah ta ji kamar ta cire abin nan ta jefa cikin kogi.

Da la'asar ta ja shi bayan ɗakin cin abinci.

"Nkem, lafiya?" Haka yake kiranta da yarensu, wai tasa ce. "Tun jiya fuskarki babu daɗi."

"Wa ya koya maka wannan zaman?"

"Wane zama?"

"Zaman ƙafa ɗaya kan ɗaya! Ekene, ni ban san ka da shi ba!"

Ya sosa ƙeya.

"Selina ce. Ta ce Baba ba ya son namiji mai rawar jiki. Ta ce in zauna kamar babban mutum, in na ɗauki ko cokali zai raina ni. Wallahi hannuna har ƙaiƙayi yake min."

Selina! 'Yar ƙanin Baba, wadda ta taso a ɗaki ɗaya da ita, wadda ta san al'adar nan sarai, wadda ta nace sai ta biyo su wai don ta yi rakiya.

"Ba daidai ba ne?" ya tambaya. "Ki faɗa min mana, Nkem."

Maganar ta zo mata har bakin leɓe. Kalma uku kawai, shi ke nan. Sai ta tuna tafin hannunta a kan baƙin bangon Littafin.

"Ba zan iya ba..."

"Ko ni?"

"Na ce ba zan iya ba!"

Ta juya da sauri don kada ya ga hawayenta. Haushinsa take ji, haushin Baba take ji, kuma son mutumin nan yana nan daram, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Ta tarar da Selina a miƙe bakin wurin ninkaya, wata ma'aikaciya tana gyara mata farce.

"Ke, me na yi miki a duniya?"

Selina ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Adda Ketu, shawara kawai na bayar. In Baba ya ƙi shi ai ba mutuwa zai yi ba. Akwai masu so."

"Masu so irinki?"

"Ni dai ubana ba ya sa mutum faskare."

Keturah ta dube ta daga sama har ƙasa. Da a Karewa ne da yau unguwa ta taru. Ta haɗiye abin, ta wuce.

Lahadi ta yi. Suka yi addu'ar safe a barandar Baba, suka rera waƙa biyu, kujerar Ekene babu kowa. Baba ya duba agogo sau uku.

"Ko addu'ar ma wani zai aiko ya yi masa?"

Selina ta ƙunshe dariya. Keturah ta sunkuyar da kai. Shi ke nan, shekara biyu sun tafi.

Baba ya gyara murya zai yi magana ke nan, sai ga Malam Bappayo, manajan wurin, ya taho yana haki, hularsa a karkace.

"Ranka ya daɗe, ku zo ku yi wa baƙonku magana! Ya ƙwace mana bokiti!"

"Bokiti?"

"Tun da gari ya waye! Na ce mu za mu ɗebo masa ruwan, aikinmu ne, ya ce duk wanda ya taɓa sai sun yi dambe. Matakala ɗari uku da goma sha biyu ce fa zuwa ƙasa!"

Suka nufi bakin kwazazzabon, Baba yana dogara sanda amma shi ne a gaba. Keturah ta kama ƙarfen da aka kewaye wurin da shi ta leƙa.

Ga shi can.

Yana hawowa a hankali, bokiti a ka, ruwa yana zubo masa a fuska. Wandon cocinsa ya yage a gwiwa. Takalmin nan mai ƙyalli saura ƙafa ɗaya. A bayansa ma'aikata biyu suna biye suna roƙo, "Oga, don Allah kawo mu riƙe," shi kuwa ko waiwaye.

"Yesu... zai faɗi!" Keturah ta toshe baki.

Bai faɗi ba. Ya iso, ya durƙusa, ya sauke bokitin a gaban Baba. Ruwan ko rabi bai kai ba.

Baba ya juyo ya kafe Keturah da ido.

"Ban faɗa ba, Baba! Allah ne shaidata!"

"Kai, wa ya ce ka ɗebo?"

"Babu kowa, Baba." Ekene ya ja numfashi. "Ni ɗan kasuwa ne. In mutum ya shigo shago bai yi magana ba, idonsa nake kallo. Kwana biyu ana jera maka ruwan gora, ko ɗaya ba ka buɗe ba, shayi kawai kake sha. Kuma kullum idonka yana can ƙasa. Na tambaya, aka ce akwai idon ruwa a jikin dutse, shi mutanen tsohon ƙauye suke sha." Ya share fuska. "An ce in na yi aiki za ka raina ni. To ka raina ni, Baba. Na gaji da zaman babban mutum."

Wani ma'aikaci ya matso da kofin gilashi a kan faranti. Baba ya kore shi da hannu. Ya jingine sandarsa, ya sunkuya da gwiwar nan mai ciwo, ya kamfata da tafin hannu biyu ya sha. Ya sake kamfata ya sha. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Shekara arba'in da ɗaya," ya ce. "Uwata ce ta ƙarshe da ta ba ni ruwan nan."

Keturah ba ta taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar.

Ya miƙe, ya goge ido da bakin riga, ya dawo malamin makaranta.

"Rabin bokiti! A zamaninmu da dariya za a yi maka har ƙauyen gaba."

"Zan koma in ciko, Baba."

"Zauna, kada ka karye min a nan." Ya ɗauki sandarsa. "Ka gaya wa mutanenka su zo Karewa ranar Asabar ta sama. Su zo da wuri, ba na son jira."

Keturah ta saki ihu har birai suka watse. Da ta waiwaya, Selina ta riga ta sulale ɗaki, wai kanta ke ciwo.

"Ka kusa kashe ni, Ekene," ta ce, tana kuka tana dariya. "Kwana biyu! Ina takalminka ɗaya?"

"Kogi ya tafi da shi, Nkem."

"Allah ya ƙara."

Da rana suka fito za su koma Jimeta. Baba ya tsaya a ƙofar ɗaki, jakar bakko a hannu, ma'aikata biyu suka taho da gudu kamar yadda suka saba.

"Abeg!" Ekene ya daka tsawa, yana ɗingishi cikin silifas ɗin wanka. "Kada wanda ya taɓa!"

Baba ya dube shi, ya miƙa masa jakar, ya ɗora masa ledar gyaɗa a kai.

"Riƙe da kyau, ɗana. Hannun jakar ɗaya ya kusa tsinkewa."